Shekarar da Aka Ari Bakina

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan babi, Shi ne Masanin abin da harshe ya furta da abin da alƙalami ya ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda aka ba saƙo ya isar da shi bai ƙara ba, bai rage ba.

Bayan haka, ya ku 'ya'yana da jikokina, ku sani ban yi niyyar taɓa wannan magana ba har in koma ga Ubangijina. Abin da ya sauya mini shawara shi ne ranar sunan ɗan Safiya, ina zaune a ɗakin karatuna, katanga ɗaya ce tsakanina da taron mata, na ji Safiyar, 'yata ta cikina, tana ba wata baƙuwa labarin gidanmu. Da kunnena na ji ta ce, "Ai Malam mutum ne mai tsauri, ƙaninsa ma ya tozarta shi a gaban hukuma saboda wani baƙo." Ban ga laifinta ba, abin da ta tashi ta tarar ana faɗa ne ta maimaita. Amma raina ya ɓaci ɓacin da ban san irinsa ba tun shekarar da abin ya faru, domin na gane cewa shirun da na yi don rufa asirin mamaci ya zama gonar da ƙarya ta yi yabanya a cikinta. Saboda haka na kira Bashiru, ɗan marigayi baffanku Sambo, na nemi izninsa, ya ba ni. Ga maganar yadda take.

Ni da Sambo uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara tara na ba shi. Mahaifinmu ya ajiye ni a gaban littattafai, shi kuma ya sake shi ga boko, ya ce gida ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya. Sambo ya yi aikin gwamnati har ya gama lafiya, mutum ne mai hannu sake, mai son a ce shi ya yi, kuma ba ya jure a ƙi shi. Gidan gado na Ƙofar Taramniya muka raba biyu, sashena da nasa, da 'yar ƙofa a tsakani wadda ba ta da ko ƙyaure. Ta nan tuwo yake wucewa, ta nan kuke gudu idan innarku ta ɗauko muciya. Da mutanen unguwa suka kafa ƙungiya don neman ruwa da wuta da gyaran kwata, sai suka sa ni uban ƙungiya, suka sa Sambo sakatare. Aka sassaƙa hatimi da sunana, aka ajiye shi a aljihun teburinsa. Tsarin aikin kuwa shi ne, duk takardar da za ta ofis Sambo yake rubuta ta da Turanci, a ƙasa ya sa waɗansu kalmomi uku, ya buga sunana, ya sa hannunsa, ya danna hatimi. Shekara goma sha ɗaya ana haka, ban taɓa cewa a karanta mini ko ɗaya ba.

A nan nawa laifin yake, kuma da shi zan fara kafin in taɓa na kowa. Ni ne mutumin da ɗalibi bai isa ya tsallake wasali ɗaya a gabansa ba. Ni ne wanda ya karantar da babin wakilci ya fi a ƙirga, yana nanata wa manyan ɗalibai cewa wakili ba ya wuce iyakar abin da aka wakilta shi, kuma abin da bai halatta mutum ya yi da kansa ba, bai halatta ya wakilta wani a kansa ba. Amma a can cikin zuciyata na raina Turanci. Na ɗauke shi harshen neman famfo, wani surutu da ake yi wa ma'aikata don su motsa, ba magana ba ce irin wadda mala'iku suke rubutawa. Ban taɓa furta haka ba, amma haka na aikata. Girman kai ne ya sa rigar tsantseni, ni kuwa na yi masa marhabin.

A ƙarshen lungunmu akwai wani gidan haya, wanda Malam Ishaya ya zauna a ciki shekara goma sha tara. Kirista ne daga duwatsun Filato, malamin Turanci a wata makarantar sakandare ta cikin gari. Manyanku za su tuna shi: dogo, mai furfura a gefen kai, wanda in ya iso bakin lungu ya ga muna karatu sai ya kashe babur ya turo shi da hannu har ƙofarsa. Matarsa Rifkatu ce ta kwana biyu a asibiti tare da innarku lokacin haihuwar Safiya, wannan Safiyar dai. Ranar layya muna aika musu cinya, ranar bikinsu su aiko da shinkafa, kuma kazar da za su dafa ni yake kawo wa in yanka don kada mu yi shakka. Yana ce mini Baba Malam, ina ce masa malamin Nasara. In ya zauna a zaure nakan tsokane shi cewa shekara goma sha tara a Sakkwato amma har yau bai iya cewa "munka" ba, shi kuma ya ce ai tsoro yake kada harshensa ya karye.

Wata rana cikin bazara, bayan la'asar, ɗalibai sun watse ina tattara littattafai, sai ya yi sallama. Na nuna masa tabarma, bai zauna ba. Wannan ne ya fara gaya mini cewa ba lafiya ba.

"Baba Malam, tambaya ɗaya na zo yi, in ka amsa in tafi. Me na yi maka?"

"Subhanallahi. Zamna mana, malamin Nasara. Mi ya faru?"

"Ba zan zauna ba sai na ji. In na yi maka laifi, ga ka ga ni, taku arba'in ne tsakanin ƙofata da taka. Me ya kai mu ofis?"

Ya miƙo mini takarda. Na karɓa na juya ta, ban gane komai a cikinta ba sai abu ɗaya: hatimina a ƙasa, shuɗi, ya fito raɗau. Na ce ya karanta mini, ya fassara, kada ya sassauta ko kalma ɗaya don jin nauyina. Ya tsuguna ya karanta. Takardar ta ce malamai da dattawan unguwarmu suna kai kuka ga ofishin ilimi cewa Malam Ishaya yana tsare ɗalibai Musulmi a aji lokacin salla da gangan, yana yi musu ba'a in sun nemi fita, kuma zamansa a cikin gari yana iya jawo fitina, saboda haka a ɗauke shi. Ya ce an riga an kira shi, an ba shi mako biyu ya kare kansa. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Kuma ku da kuka girma a garin nan kun san abin da irin wannan zargi yake iya zama in ya fita daga ofis ya shiga kasuwa. Ba aikinsa kaɗai aka ɗora a kan wuƙa ba.

Na ce ya ɗora yatsansa a inda takardar ta ce ni na faɗa. Ya ɗora a kan kalmomi uku da ke saman sunana, ya furta su a hankali: on behalf of.

"Ma'anarsu, a madadin. Wanda ya rubuta su yana cewa, ba ni nake magana ba, wane ne, ni bakinsa ne kawai. Kullum ina gaya wa yara a aji, kada ku rubuta su sai wanda kuka ambata ya aike ku, ya kuma san abin da ya aike ku da shi."

"Ashe ku ma kuna da babin wakilci."

"Muna da shi, Baba Malam. Shi ya sa da na ga sunanka na taho wurinka da kaina. Da sunan Alhaji Sambo ne kaɗai, da na san dalili."

Dalilin kuwa shi ne, a jarrabawar da ta wuce Ishaya ya kama Bashiru da amsoshi a naɗe cikin hula, ya fitar da shi. Sambo ya je har gida ya roƙe shi ya bar maganar, ya ce yaron jikan malamai ne, kada a zubar da mutuncin gida. Ishaya ya ce ba zai iya ba. Duk wannan ban sani ba, domin an ɓoye mini.

Na rantse masa da Allah ban san da takardar ba. Sai a lokacin ya zauna. Bayan ya tafi na shiga cikin gida, innarku Hajo tana tankaɗe, ta dube ni sau ɗaya ta ajiye rariya. Da na gaya mata, ba ta tausaya mini ba ko kaɗan, Allah Ya jiƙanta.

"To, Malam, an ari bakinka an ci maka albasa, yanzu kai ka yawo da warin. Sau nawa nac ce maka hatimin ga ba goro ba na da za ka ba mutum ajiya? Kai da ko allurata ba ka bari a ara sai ka ji mi za a ɗinka."

"Hajo, ba lokacin faɗa ba na."

"Yaushe na lokacinai? Rifkatu ta riƙe min kai ina naƙuda. Da wane ido za ni dubanta gobe bakin famfo?"

Washegari da hantsi na ratsa 'yar ƙofar nan zuwa sashen Sambo. Na tarar da shi yana shan fura a ƙarƙashin darbejiya. Ya tashi ya ba ni kujera, ya gaishe ni yadda ya saba. Na ajiye takardar a gabansa. Bai musa ba, kuma wannan rashin musun ya fi mini ciwo, domin na gane bai ma ɗauke shi wani abu ba.

"Yaya, wanga abu bai kai inda kak kai shi ba. Haka a ka yi cikin ofis. Kalmomin ga ado na, awa a ce 'bayan gaisuwa mai yawa'. Kowa ya san sakatare ka rubutu."

"In ado na, don mi ba ka sa sunanka kai ɗai ba?"

"Sunana ba shi da nauyin naka."

"To ashe ba ado ba na. Nauyin kaɗ ɗauka. Ya tsare yara lokacin salla, Sambo? Ka gani da idonka?"

"An ce."

"Wa yac ce?"

Ya kawar da kai. Sannan ya juyo da maganar da har yau take mini zafi, saboda akwai gaskiya a cikinta.

"Shekara goma sha ɗaya ina rubutu da sunanka. Ran da ruwa yaz zo unguwa, kai anka taru anka yi ma godiya, ba ka ce a karanta maka takarda ba. Ran da anka kawo wuta, kai anka kira mai albarka. Yau ɗai kas san da babin wakilci? Mutumen ga ya kunyata ɗanka, jininka. Kuma ba kashe shi za a yi ba, ɗauke shi za a yi. Baƙo raɓa na, Yaya."

Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ce, kuma zan tuba a kanta. Amma raɓar da ta shekara goma sha tara tana sauka a ƙofarka ta zama maƙwabci, maƙwabci kuwa yana da hakki ko da ba ya fuskantar alƙiblarka. Na ce shaidar zur tana cikin manyan zunubai masu halakarwa, shi kuma bai tsaya ga yin ta ba, ya ɗauko wuyana ya rataya mata. Na ba shi kwana uku ya je da ƙafarsa ya janye takardar, ya faɗi abin da ya ga dama game da dalilinsa, ni ba zan ce uffan ba. Na karɓi hatimina. Da ya miƙo mini shi sai ya yi 'yar dariya, ya ce ai ya san ni, ban taɓa taka ofis ba tun da aka haife ni, ba kuwa zan fara a kan ƙanina ba.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne wurin da masu ba da labari suke tsayawa su ce na yi tsauri. A rana ta biyu mai unguwa ya zo da dattawa biyu, suka kawo mafita. Suka ce a rubuta takarda ta biyu, a ce mutanen unguwa sun zauna da Malam Ishaya, ya ba da haƙuri, an yafe masa, a bar shi a wurin aikinsa. Da haka aikinsa ya tsira, mutuncin Sambo ya tsira, gidanmu ya tsira. Mai unguwa ya ce, "Malam, in ana iya kashe maciji ba a karya sanda ba, don mi za a karya ta?" Kuma don ku san nauyin abin, Ishaya da kansa ya zo ya same ni ya ce ya yarda.

"Baba Malam, in wannan zai bar gidanka a haɗe, a rubuta. Ni dai a bar ni in ƙarasa shekara biyun nan, 'yata ta gama makaranta. Ba na so a ce saboda ni 'yan'uwa suka rabu."

Na kwana biyu ina juya wannan magana, ina neman ƙofar da zan bi in yarda, domin Allah Ya sani ina son ƙanina. Na duba ta ta fuskar sulhu, na duba ta ta fuskar rufin asiri, na duba ta ta fuskar zaɓen mafi sauƙin sharri biyu. Ko'ina na bi sai in ci karo da abu ɗaya. Ba a yafe wa mutum abin da bai yi ba. Duk wanda ya ce "mun yafe masa" ya riga ya ce "ya aikata". Takardar farko ƙarya ce da aka yi da sunana ban sani ba, ta biyu kuwa ƙarya ce da zan yi da sanina, idona biyu, da alwalata. Kuma za ta zauna a fayil ɗinsa har bayan ransa, duk wanda ya buɗe ya ga cewa malaman Ƙofar Taramniya sun shaida mutumin nan yana wulaƙanta salla. Yardar da Ishaya ya yi yardar wanda aka shaƙe ce. Wanda aka zalunta yana da ikon ya haƙura da hakkinsa, amma haƙurinsa ba ya halatta mini in yi ƙarya. Sulhun da suka kawo ba sulhu ba ne, an dai zaɓi wanda ya fi rauni a cikinmu ne aka ce ya biya kuɗin zaman lafiyar kowa, don kawai ba shi da dangi a garin da za su tsaya masa. Wannan ne ya harzuƙa ni a lokacin, shi yake harzuƙa ni yau da nake rubutu.

Da kwana ukun suka cika Sambo bai je ba, na sa babbar rigata na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa ofishin ilimi. Innarku ta raka ni har zaure, ta ce, "Allah Shi tsare, Malam. In ka dawo ba ka da ƙane, amma kana da fuska." Shugaban wurin ya taɓa zama a gabana yana yaro, da ya gan ni ya zame daga kujera ya durƙusa. Na ce ya tashi, yau ni na zo gabansa. Ya gaya mini abin da ya ƙara mini kunya: irin waɗannan takardu suna zuwa musu kullum suna jefarwa, wannan kuwa sunana ne ya sa suka ɗauke ta da gaske. Na ce to sunan ya zo da ƙafarsa. Na shaida masa ban rubuta ba, ban aika ba, ban sani ba, kuma a shekara goma sha tara ban san Malam Ishaya da komai ba sai kyakkyawan maƙwabtaka. Ban ambaci Sambo ba. Ba a kuma buƙaci in ambace shi ba, sa hannunsa yana nan a ƙasa, kowa a ginin ya san shi. Na ce a rubuta maganata da Turanci. Da aka rubuta na sa mutum biyu dabam-dabam, kowanne ba ya jin ɗayan, suka fassara mini ita. Da fassarar ta zo ɗaya, na sa hannu da Larabci. Akawun da ya buga takardar, bisa sabo, ya so ya sa kalmomin nan uku a ƙasa, wai a madadin mutanen unguwa. Na ce ya goge, mutanen unguwa ba su aiko ni ba, ni kaɗai na zo. Da na dawo gida na jefa hatimin a murhun innarku, muka tsaya muna kallonsa yana narkewa yana wari.

An wanke Ishaya. Labari kuwa ya riga ni isowa unguwa. Ƙungiya ta sauke Sambo, tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa yi masa kallon da mutum irinsa ba ya iya ɗauka. Bayan mako ɗaya na ji ƙarar magini, na leƙa na ga ana jera bulo a 'yar ƙofar nan. Ban hana ba. Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa ya koma Dundaye, inda yake da fili. Shekara tara muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, ya miƙo mini kan yatsu ya ce "Malam", bai ƙara ce mini Yaya ba. Na je gidansa sau huɗu, sau huɗu ana cewa ya fita, ina ganin takalmansa a ƙofa. Wasu ɗalibai suka daina zuwa zaurena. A masallaci na ji ana cewa Malam Haliru, wato ni, ya fifita wanda ba ya salla a kan ɗan'uwansa. Masu faɗin haka sun yi karatu, wasunsu a gabana. Ina so in tambaye su a wane babi suka ga cewa gaskiya tana tambayar addinin mutum kafin ta tsaya masa. Ban fifita Ishaya a kan Sambo ba. Da na bar takardar nan ta yi aikinta, da Sambo ne zai tashi ranar hisabi da ita a wuyansa, ni kuma a gefensa. Ƙanina na ceta, ko da yake ceton ya ci mini shi.

Abin da ba ku sani ba, wanda ni da Bashiru kaɗai muka sani, shi ne wannan. A ciwonsa na ƙarshe Sambo ya aiko Bashiru ya ɗauke ni. Na same shi da rana tsaka a kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya kori kowa sai ɗansa. Ya kama hannuna.

"Yaya."

Shekara tara ban ji wannan kalma ba. Na zauna a gefensa, ya tambaye ni:

"Ishaya na da rai?"

"Yana da rai. Ya koma garinsu."

"Ba ni iya tahiya, ba ni iya rubutu. Ka roƙa min shi gahwara. Ka ce ƙarya niy yi mai, na sani sa'ad da niy yi ta." Ya numfasa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa irin na Sambon da na sani. "Na wakilta ka. Bashiru shaida na. Sharuɗɗan sun cika, ko da saura?"

"Sun cika, Sambo."

Bashiru ya ce a kira Ishaya a waya a gama. Na ce a'a, da takarda aka yi ɓarnar, da takarda za a gyara. Na faɗa, Bashiru ya rubuta da Hausar boko, na sa ya karanta wa mahaifinsa sau biyu har ya gyaɗa kai. Sannan na ce ya rubuta mini kalmomin nan uku manya-manya a wata takarda. Na zauna ina kwaikwayonsu kamar yaron da aka fara yi wa allo, daga hagu zuwa dama, hannuna yana ta son komawa inda ya saba. Sai a karo na bakwai suka yi kama da kansu. Na rubuta su a ƙasan wasiƙar, na sa sunan Sambo, na sa hannu. Su ne kaɗai Turancin da na taɓa rubutawa a duniya. Bashiru, wanda a kansa aka fara komai, shi ya ɗauki wasiƙar ya yi tafiyar yini guda ya kai.

Sambo ya rasu kwana biyu kafin Bashiru ya dawo. Wannan ne abin da ban warke daga gare shi ba: bai ji amsar ba. Bashiru ya karanta mini ita, na maimaita ta a bakin kabarinsa, ko da yake na san ba ni da tabbacin yana ji. Tana nan a cikin akwatin littattafaina, ƙarƙashin na fiƙihu, duk mai so ya je ya duba, ita da kwafin takardun ofis biyu. Safiya, ke za ki fara karantawa, kuma a gaban baƙuwar nan taki in tana da rai. Ishaya ya mayar mini da wasiƙata, ya sa alamar daidai da jan biro a kan kalmomina uku, irin wadda yake sa wa ɗalibai. A ƙasa ya rubuta layi biyu da Hausa:

"Baba Malam, na yafe wa Alhaji Sambo duniya da lahira. Wannan ba a madadin kowa na faɗa ba, ni Ishaya ne, da bakina."